Tekun Kawu a Ƙarƙashin Kwalin Taliya

Tun daga ranar da aka halicci ruwa zuwa Asabar ɗin da muka kai Kawuna makwancinsa, ba na jin duniya ta taɓa samun mutumin da ya girmama dattin cikin ruwa kamar shi. An yi masana taurari, an yi masana duwatsu. Kawu shi ne masanin abin da kowa ke tacewa ya zubar. Idan aka miƙa wa mutum ruwa, sha yake yi ya gode wa Allah. Idan aka miƙa wa Kawu, sai ya nemi a juye masa a kofin gilashi, ya ɗaga wajen haske, ya kanne ido ɗaya, har mai gida ya fara rantsuwa cewa jiya-jiya aka wanke randa.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, malamin makaranta a Birnin Kebbi. Shi da Inna, matarsa, 'ya mace ɗaya Allah Ya ba su, don haka ni na zauna a ƙofar gidansa a Argungu kwana bakwai ina karɓar gaisuwa. Na lura da wani abu. Duk wanda ya zo sai ya yi addu'a yadda aka saba, ya ce mutum ne mai haƙuri, mai zumunci. Daga nan sai maganar ruwa ta fito.

Wani tsohon masunci ya shafa fatiha ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Shekara ashirin ina ɗebo mai ruwa tsakiyar gulbi, kuma wallahi ban taɓa ganin ya kurɓa ba."

Limamin unguwa ya ce Kawu bai taɓa rasa jam'i ba, sai dai kullum a sahun baya, domin shi ke ƙare alwala daga ƙarshe. Sai ya gama kallon ruwan.

Mai furar bakin kasuwa ta aiko da cewa ta yafe masa ranar da ya tsaya gaban masu saye ya bayyana musu cewa furarta kashi huɗu ce, kuma kashi na farko ya kamata a mayar da shi turmi.

A rana ta biyu tsohon abokin aikinsa ya zo daga unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, mutumin Filato, Kirista, wanda ya koyar da kimiyya a ajin da ke jikin na Kawu shekaru masu yawa. Ya cire hula, ya zauna a gefen tabarma, idonsa ya yi ja. Sai ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, kwalbar fa? Ba a taɓa ta ba ko?"

Na ce ba a taɓa ba. Makullin ɗakin yana aljihuna.

Dole in yi bayanin kwalbar nan, domin ita ce gadon da Kawu ya bar mini, kuma ita ta hana ni sakewa a zaman makokin.

Kawu labarin ƙasa ya koyar har ya yi ritaya. Amma darasinsa na gaskiya guda ne, kuma duk wanda ya zauna a ajinsa ya haddace shi: ruwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana ɗauke da fasinjoji, kuma fasinjojin girmansu ba ɗaya ba. Ya raba su huɗu, da sunayen da ya aro daga madafin Inna tare da rariyarta, wadda bai taɓa mayarwa ba. Akwai tsaki, wanda ke faɗuwa gindin kwalba kafin ka janye hannunka. Akwai dusa, mai sauka kafin shayi ya huce. Akwai gari, mai buƙatar kwana. Sai ƙura, wadda Kawu ke cewa ba ta da niyyar sauka, ta biya kuɗin mota har ƙarshen hanya. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne rabon bai tsayawa wuri ɗaya. Ruwan bakin gulbi daban da na tsakiya. Na sama daban da na ƙasa. Na farkon damina daban da na kaka, na safe daban da na bayan shanu sun sha. Yakan ce, "Duk wanda ya ce maka ya san ruwan gulbin Rima, tambaye shi na wace rana."

Mutane sun yi masa dariya, amma ba dukansu ba. Wata shekara masu noman shinkafa na fadama suka yi ta kukan injin ban-ruwa yana lalacewa, kanikawa suna ɗora laifi kan mai. Kawu ya naɗe wando, ya shiga taɓo da kwalabe shida, ya dawo ya jera su a inuwa. Bayan sallar azahar ya nuna musu: inda suke jefa bakin tiyo, tsaki ne zalla, yashi injin yake sha. Ya ce su ɗaga tiyon kamu biyu su ɗaure shi a jikin jarka mai iyo. Injina suka huta. Da suka kawo masa buhun shinkafa ya mayar, ya ce in suna son saka masa, kowa ya kawo kwalba ɗaya ta ruwan gonarsa, da rana da lokaci a rubuce. Inna ta daɗe tana tuna wannan buhu da suna.

Sai dai Kawu yana da wani ciwo a zuci. Ya karanta cewa a teku fasinjojin sun fi na gulbi yawan iri da bambancin girma: da yashi, da yumɓu, da ƙananan halittu masu rai, da ɓurɓushin waɗanda suka mutu, wasu suna mannewa da juna su zama manya, wasu suna wargajewa su koma ƙanana. Shekara talatin yana zana teku a allo da alli, shi kuwa bai taɓa wuce Yawuri ba.

Nan ƙanensa ya shigo, wanda muke kira Ƙaramin Kawu duk da ya fi shi jiki sau biyu. Fataucin albasa yake yi zuwa Legas. Kawu ya wanke kwalba da ruwan zafi sau uku, ya naɗe ta a tawul, ya damƙa masa. Bayan kwana goma Ƙaramin Kawu ya dawo da ita cike da ruwa mai duhu-duhu, yana tafiyar wanda ya ci yaƙi. Ina wurin.

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga ta. Sannan ya ce, "Ƙarfe nawa ka ɗebo?"

"Da rana."

"Ruwan yana cikowa ne ko yana janyewa?"

"Yaya, ruwan nan bai tsayawa balle in tambaye shi."

"Ina ya kawo maka?"

"Gwiwa."

Kawu idan yana koyarwa Hausar littafi yake yi, idan ya fusata kuwa ta gida ce ke fitowa. Ya ce, "Gwiwa? Kai wanga mutum! Ni aike ka teku, kai tsaya gwiwa? Wanga ai ruwan gaɓa na."

Ƙaramin Kawu ya miƙe tsaye. "Takalmina guda hwa ruwan nan yac ci! Da ƙahwa guda nik koma tasha, Yarbawa na kallona. Albasa nika saidawa, Yaya, ba kihi na ni ba."

Wata uku suka yi suna fushi. Da yake dukansu sun san addini ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, sai suka riƙa yin sallama cikakkiya duk inda suka haɗu, har da wa barakatuhu, kowa yana kallon gabas. Abin ya ƙare ranar da Kawu ya aika masa da sabon takalmi. Ƙafa ɗaya.

Duk da ruwan gaɓa ne, Kawu ya karɓe shi a matsayin teku. Ya riga ya gwada a gida cewa gishiri yana sa laka ta dunƙule ta sauka da wuri, don haka ya yi kirdadon tekun zai kwanta garau cikin mako guda. Ya share kan tebur a ɗakinsa na kusa da zaure, ya ajiye kwalbar, ya kife mata kwalin taliya don kada haske ya sa gansakuka ta tsiro. Ya kafa doka: ba mai taɓa teburin, ba mai buga ƙofar, kuma ba a ɗaga kwalin sai ranar Juma'a da hantsi, lokacin da rana ke shigowa ta taga ta ratsa kwalbar.

Juma'ar farko ya ɗaga kwali. Ruwan bai kwanta ba.

Ta biyu ma haka. Ta goma ma haka. Kuma abin da ya fi ɗaure masa kai, ba iri ɗaya yake samun sa ba. Wata Juma'ar ƙura ce kawai ke yawo a cikin hasken. Wata Juma'ar har da gari. Wani lokaci, abin da littafi bai yarda da shi ba, sai ya ga dusa tana shawagi a ruwan da ya shekara a ajiye. Abokinsa na Badariya ya kawo gilashin ƙara girman abu, suka duƙufa su biyu, kai da kai, ɗaya yana cewa subhanallahi ɗaya yana cewa ikon Allah. Suka gwada danganta abin da wata. Suka gwada zafi da sanyi. Suka gwada wucewar manyan motoci a titi. Kawu ya cika littafin rubutu, ya sayi wani. Shekara goma sha ɗaya, littafi goma sha ɗaya.

Sau ɗaya kawai tekun ya nemi ba shi kunya. Shekarar da 'yarsu ta haihu a Birnin Kebbi, Inna ta je zaman jego mako biyu. Kawu ya ɗaga kwali ya tarar ruwan ya yi haske kamar na rijiya. Ya mayar da kwalin a hankali, ya shiga ɗaki ya kwanta, ya ƙi tuwo. Aka aika wa Inna, ta dawo ranar Alhamis. Washegari ya lallaɓa ya duba, sai ga shi ya fito tsakar gida ba hula yana cewa, "Ya farka! Tekun ya farka!" A littafi na huɗu ya ba wannan al'amari shafi tara, ƙarƙashin kan magana mai cewa Barcin Teku. Na karanta shafukan a lokacin, na yaba da tsarin hujjojin. Ni ma malami ne.

Yana da wata magana da yakan yi idan ya rufe littafi: "Ranar da ruwan nan ya kwanta, aikina ya ƙare, ni ma sai in kwanta." Inna takan amsa daga madafi, "A'uzu billahi. Kwalba ta ka riƙe da ranka? Taso ka ci abinci."

Bai jira kwalbar ba. Ya yi awonsa ranar Juma'a, ya je masallaci, ya dawo yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi. Na iso daga gidana na Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, da la'asar. Ya kama hannuna ya sa mini makulli, ya ce, "Kada a motsa ta. Ka ci gaba da dubawa har ya kwanta, ka rubuta ranar. Abin da ka gani za ka rubuta, ba abin da kake so ba." Da safiyar Asabar ya cika.

To ka ji dalilin da ya sa nake zaune a kan tabarmar makoki hannuna a aljihu. Ƙaramin Kawu ya nemi ɗakin don baƙin ƙauye su kwana, na hana. Ya ce, "Yaya ya tahi, amma ya bar muna wakili." Don in rufe bakinsa sai na yi abin da malamai ke yi idan an matsa musu: na yi sanarwa. Na ce ranar Juma'a, bayan addu'ar bakwai, zan ɗaga kwalin a gaban jama'a, kowa ya ga abin da marigayi ya ba shekara goma sha ɗaya. Tsofaffin ɗalibansa suka ce za su zo. Masunta suka ce za su zo. Abokinsa ya ce ko da rarrafe.

Ranar Alhamis da la'asar Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a kan tabarmar takaba, carbi a hannu. Ta kori matan da ke ɗakin, ta ce, "Ba ni makullin."

Na ce, "Inna, wasiyya ce."

"Na ji. Ba ni."

"Me za ki yi a ciki?"

Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai tallan da ya cika tsada. "Gobe za ka tara mutane ka kunyata shi. Ruwan nan yanzu haka kwance yake, awa na randa."

Na ce ta yaya ta sani, alhali ɗakin a kulle yake.

Ta ce, "Don ban girgiza shi ba."

Na yi karatu daidai gwargwado, amma ban taɓa jin jimlar da ta rushe littafi goma sha ɗaya a numfashi guda ba sai ran nan. Na nemi wuri na zauna.

Ta ce farkon abin tsautsayi ne. Juma'ar farko, Kawu yana masallaci da asuba, ta shiga shara, tsintsiya ta ture kwalin, kwalbar ta gangara kan tabarma. Ta mayar da ita tana salati, ta kwana biyu tana jiran faɗa. Maimakon faɗa sai ta ga mutumin da tun da ya yi ritaya yake zaune a zaure kamar an ajiye buhu, ya fito yana waƙa, ya ci malmala biyu ta tuwon shinkafa ya nemi ƙari. "Sai kuma yaz zo da maganar nan tashi, wai in ruwa ya kwanta shi ma ya kwanta. Na san rai na hannun Allah. Amma mutum in ba shi da abin da za shi tashi dominshi, zama shikai. Nic ce to, wanga dai ba ya kwanta ba ina raye."

"Shekara goma sha ɗaya, Inna?"

"In ban da jego."

Na tambaye ta dusar da Kawu ke gani wani lokaci, wadda ta gagari shi da abokinsa. Ta ce ranakun da ta makara ne, ko ranakun da ya ɓata mata rai. Na tambaye ta shekarar da awon ya nuna ƙura zalla, wadda Kawu ya kira Shekarar Sanyin Teku. Ta ɗaga hannun damanta ta nuna mini wuyan hannun. Shekarar da sanyin ƙashi ya kama ta ce.

Na ce, "Bai taɓa ganewa ba?"

Ta ja carbi biyu kafin ta amsa. "Ban sani ba. Ni dai na san duk ran Juma'a shina daɗewa masallaci bayan asuba, hiye da sauran ranakku. Ban tambaye shi ba, shi ma bai tambaye ni ba."

Ga ni da wasiyya a aljihun dama, ga sunan Kawu a na hagu. In na bar kwalbar, gobe Ƙaramin Kawu zai samu labarin da zai kai har Legas. In na taɓa ta, na karya magana ta ƙarshe da mamaci ya yi mini. Na yi ta juya abin har magariba. Abin da na tsayar shi ne, Kawu cewa ya yi kada a motsa ta daga yadda take, yadda take kuwa tun fil azal a girgize take. Na san wannan hujja ba za ta ci jarrabawa a ajina ba. Ita na samu.

Bayan sallar asuba Inna ta tsaya daga bakin ƙofa, lulluɓe, tana ba ni umarni, domin ta ce hannunta ya daina. Na ɗaga kwali. Ruwa garau, ana ganin bangon ɗaki ta cikinsa, da ɗan siririn layin laka a gindi wanda bai kai kaurin farce ba.

"Riƙe ta wuya da gindi. Kihe ta, ka tashe ta. Sau bakwai. Kak ka yi awa kana dama hura, in ta yi kumhwa ana ganewa."

Na yi sau bakwai.

"Hannunka ya cika nauyi," in ji ta. "Yau da dusa za a gani."

Da hantsi aka cika ɗakin har zaure. Na ɗaga kwalin taliya, rana ta ratsa kwalbar, fasinjoji suka bayyana suna yawo a cikin hasken, manya da ƙanana, kowa da saurinsa. Tsohon masuncin ya yi kabbara. Abokin Kawu ya sa gilashinsa, ya daɗe, ya ɗago da hawaye ya ce, "Har da dusa. Tekun ya ji mai shi ya tafi." Ƙaramin Kawu ya matso ya leƙa, ya share ido da hannun riga, ya juya ga jama'a ya ce, "Ni hwa nid ɗebo shi. Har gwiwa."

Na jira Inna ta fita takaba kafin na nemi izinin rubuta wannan, domin rabin wasiyyar da ban karya ba ke nan: abin da na gani. Ta ce, "Rubuta. In shina da magana shi zo shi yi." Na kai wa abokin Kawu labarin da bakina a Badariya kafin ya karanta a takarda. Ya yi dariya har sai da aka kawo masa ruwa, ya ɗaga kofin wajen haske, sai kuma ya fashe da kuka.

Littattafan suna wurina. Awon da ke ciki daidai ne, ko ɗaya Kawu bai ƙara ba, bai rage ba. Duk mai son sanin lafiyar hannun Inna da yanayin zuciyarta a kowace Juma'a ta shekara goma sha ɗaya, ba zai samu madogara da ta fi su ba. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ruwan da zai sha a can ya zama wanda ba sai an ɗaga shi wajen haske ba. Ita kuma Ya ba ta ladan tashin asuba.

Saura ranar da Kawu ya ce in rubuta. Na kawo kwalbar gidana a Gwadangaji, na kifa ta sau bakwai, na rufe da kwali, na riƙa dubawa kowace safiya.

Kwana huɗu ruwan yake yi ya kwanta.